Ƙaba ta fito mini kuma hawan bishiya ne abincina: a yi aikin yanzu ko na jira?

Mai Barandami ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa shiga wannan hali, ko ma'aikatan asibiti da ke cikinmu.

Sana'ata rage bishiya ce a cikin Kano. Darbejiya ce mafi yawa, sai mangwaro da turare a manyan gidajen Nassarawa da Bompai. Makarantu da masallatai ma kan kira ni in reshe ya kwanto kan kwano ko ya doshi wayar wuta. Da barandami da adda na taso a bayan babana, yanzu ina da ɗan ƙaramin inji da yara biyu masu riƙe mini igiya a ƙasa. Na haura arba'in, ga iyali.

Tun wajen ƙarshen damina na lura da kumburi a matse-matsina na dama, ƙasan mara. Da asuba babu shi. In na wuni a tsaye, ko na yi tari, ko na ciccibi gungume, sai ya leƙo, girmansa ya kai ƙwan kaza. In na kwanta rigingine na danna a hankali, ya koma ciki da ɗan ƙugi. Ba ciwo ne na a-zo-a-gani ba, nauyi ne da ja, amma akwai wurare uku da yake tsaya mini a rai: lokacin da zan wurga ƙafa in hau kan reshe, lokacin da nake fizgar igiyar tada inji ina sama, da kuma in igiyar da nake ɗaurawa a ƙugu ta zame ta danne wajen. Na je asibiti, likita ya duba ni a tsaye, ya sa na yi tari yana taɓa wurin, ya ce ƙaba ce kuma maganinta aiki. Ya ce ba ta yau ba ce dole, amma kada na yi wasa da ita.

Ga inda gizo ke saƙar. Kasuwarmu daga Maris ne zuwa Yuni. Sai hadari ya fara haɗowa da iskar nan ta farkon damina kowa yake tuna yana da bishiya a tsakar gida. A waɗannan watanni nake haɗa kuɗin hatsin shekara. Yanzu muna tsakiyar hunturu, aiki jefi-jefi. Shin in rufe ido a yi aikin yanzu, ko in ɗaure wajen da ɗamara in ci kasuwar bana tukuna, in na tara kuɗi a yi bayan damina? In an yi, yaushe mutum zai koma hawa? Kuma da gaske ne wanda aka yi wa aikin ƙaba ba ya sake ɗaukar nauyi har abada? Wannan ta ƙarshen ita ke hana ni barci.

Tsohon Mai Dabino ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, sannu, Allah ya ba da lafiya. Jikana ne ke rubuta mini, ni ke faɗa.

Ni a Dutse nake, dabino na yi rayuwata ina hawa, daga ɗaura furen namiji a kan na mace har sauke nono in ya nuna. An yi mini aikin ƙaba ta hagu ina da ƙarfina, na koma na ci gaba da hawa shekaru masu yawa, kuma gwiwa ce ta sauke ni daga baya, ba wurin ɗinkin ba. To ka cire wannan tsoron na har abada daga ranka.

Yadda na ji shi ne: kwanakin farko tashi daga kwance shi ne aiki. Sai ka mirgina gefe, ka dafa da hannu, sannan ka miƙe. Tari da atishawa kuwa sai ka dafe wajen da tafin hannu ko matashi. Sallah a zaune na yi ta da farko. Cikin mako na biyu ina zagaya gona da ƙafa. Hawa ban koma ba sai da na cika wata biyu, shi ma na fara da gajerun itatuwa waɗanda tsani ke kai wa.

Akwai wani abokin aikina, Allah ya ji ƙansa, shi ya ce sai ya gama kakar dabino. Tsohon rawani yake naɗewa tamau a mara ya hau. Wata rana bayan la'asar ya sauko, abu ya fito ya ƙi komawa. Aka dafa masa wannan, aka jiƙa masa wancan, dare ya raba yana amai kore, ciki ya yi tim. Kafin a sami mota a kai shi, hanjin da ya maƙale ya mutu, sai da aka yanke wani sashe aka haɗa. Ya rayu, ba ita ta yi ajalinsa ba, amma kakar da ya ƙi bari ta wuce shi yana kwance, kuma sai da aka sayar da tumaki huɗu. Kai kuma da kake wuni a saman turare, ka yi tunanin ta murɗe maka kana can, da inji a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hunturun nan da kake rainawa shi ne lokacinka.

Ɗan Kurmi ya amsa:

Malam, kada ka yi saurin ba da cikinka ga wuƙa. Akwai masu sassaƙe da ake sha da kunu, maƙwabcina ya sha ta kwanta, shekara guda ke nan bai sake kuka da ita ba. Kuma ana cewa aikin nan yana taɓa mazakuta, wasu ma haihuwa ta tsaya musu. Ka gwada na gida tukuna, in bai yi ba asibiti ba ta gudu.

Nas a Ɗakin Tiyata ta amsa:

Sannu Malam Mai Barandami, Allah ya ƙara sauƙi. Baba na Dutse ya gama magana, zan ɗora bayani ne kawai daga abin da muke gani kullum. Ba na ganinka, don haka maganar likitan da ya taɓa wurin da hannunsa ita ce gaba da tawa.

Ka san tayar keke in ta tsage a gefe, tub ya leƙo ta wajen? To haka abin yake. Naman da ya kewaye ciki yana da wani wuri mai rauni a matse-matsi, hanyar da maraina suka bi suka sauka tun mutum yana cikin uwa, shi ya sa maza suka fi mata samunta nesa ba kusa ba: kusan namiji ɗaya cikin huɗu zai yi ta a rayuwarsa, mata kuwa kimanin uku cikin ɗari. Hanji ko kitsen ciki ne ke turowa ta wannan kafa. Ƙugin da kake ji in ka danna, hanji ne ke komawa mazauninsa. Babu abin sha, na gargajiya ko na bature, da zai bi jini ya je ya ɗinke kafa. Malam Ɗan Kurmi, ba na ƙaryata maƙwabcinka, amma ƙaba dama tana yin kwance-kwance, ta yi wata da watanni ba ta dami mutum ba in ya rage wahala ko cikinsa ya saki. Kafar na nan. Wani kuma ba ƙaba gare shi ba tun farko, ruwa ne ya taru a marainansa. Shi wannan ba ya komawa in an kwanta, in an haska tocila a cikin duhu hasken kan ratsa shi, kuma aikinsa daban ne.

Maganar mazakuta: jijiyoyin da ke tada gaba ba ta nan suka bi ba. Abin da ke kusa da wurin aikin shi ne igiyar maraina, kuma duk likitan fiɗa ya san da ita, ware ta ake yi gefe a kiyaye. Haɗarin taɓa ta ya fi yawa in ƙabar ta girma ta sauka ƙasa ta manne, ko in an shigo da mutum tsakar dare ana rige-rige da rai. Wato jinkirin ne ke jawo abin da ake tsoro.

Gaskiya ne akwai wanda ake ce wa ya jira a sa ido, wanda tasa ba ta damunsa ko kaɗan. An bi irin waɗannan maza a Amurka, aka ga murɗewa ba ta cika faruwa ba, amma cikin shekara goma kusan biyu cikin uku sun dawo an yi musu aikin saboda ciwo ya ƙaru. Kuma su ba a saman bishiya suke neman abinci ba. Kai taka ta riga ta fara magana.

Aikin da aka shirya shi ba ya cika wuce awa guda. Sau da yawa ba a ma sa mutum barci, allurar baya ake yi, ko a kashe wurin kawai. Wasu a ranar suke tafiya gida, wasu su kwana ɗaya ko biyu. Tafiya a ƙafa muna so ka fara ta tun washegari, kwanciya shame-shame ba ta taimakawa. Ƙananan hidimomi bayan mako ɗaya zuwa biyu. Aikin ƙarfi irin naka yawanci mako huɗu zuwa shida ake cewa, ni kuwa ga mai hawa sama na fi son lissafin Baba, domin a ƙasa in wuri ya soke ka sai ka ajiye kaya, a sama kuwa sakin hannu za ka yi. Ka ƙirga da kanka: in an yi a Janairu, Maris ya same ka a tsaye.

Zan faɗa maka wanda ba a cika faɗa ba don kada ka firgita: maraina kan kumbura su yi duhu na 'yan kwanaki, yana bajewa. Wurin ɗinkin kan yi tauri kamar an sa wani abu a ƙarƙashin fata har na wasu makonni. Kuma kusan mutum ɗaya cikin goma yakan riƙa jin tsami ko dindiris a wajen har bayan watanni, mafi yawa mai sauƙi ne. In kana shan sigari ka ajiye tun yanzu, yana hana rauni haɗewa kuma yana kawo tari. Tarin hunturu da ƙurar katako ma a magance su kafin ranar, ka riƙa rufe hanci in kana yanka. Kada ka bari cikinka ya ɗaure har kana nishi a bayi, ka yawaita ruwa, zogale, kuɓewa, gwanda. In kana yunƙuri kafin fitsari ya fito, ka gaya wa likita, domin in ba a gyara wannan ba shi zai sake turo ta.

Wannan kuma ka karanta wa uwargida da yaran da ke maka aiki, su ma su sani. In ta fito ta ƙi komawa bayan ka kwanta, ta yi tauri tana ciwo sosai, ko wurin ya canja launi, ko amai ya zo, ciki ya kumbura, ba tusa ba bayan gida, to babu jiran gari ya waye. Kada a danna da ƙarfi, kada a ba ka abinci ko jiƙo, a nufi asibitin da ake tiyata kai tsaye. Hanjin da jini ya daina kai masa, sa'o'i kaɗan yake ɗauka ya lalace.

Mai Barandami ya sake rubutawa:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Malama nas, Allah ya saka da alheri, kin warware mini abin da na ji kunyar tambaya a gaban likita. Sigari ba na sha, amma tarin nan ina da shi duk hunturu. Saura biyu. Likitan ya ambaci wata raga da za a sa a ciki, ni kuwa raina bai kwanta da a bar mini roba a jiki ba. Sannan ko da na amince, sai na haɗa kuɗi, ina cikin adashe amma kwasata sai ƙarshen wata mai zuwa. Akwai ayyuka biyu da na riga na karɓi kafin alƙalami, ɗaya wata tsohuwar darbejiya ce da ta rufe rabin gidan mutane. Dole na yi su.

Malamin Daji ya amsa:

Yaya Mai Barandami, ni ba likita ba ne, gandun daji na karanta, kuma na daɗe ina aiki da masu hawa irinku a Zariya. Abin da na lura shi ne ba hawan ne ya fi cin cikinku ba, abin da kuke yi da itacen bayan an yanke shi ne. Ɗanyen itace mai ƙarfi, gungumen da kaurinsa ya kai tsawon rula ta 'yan makaranta, tsawonsa mita ɗaya, yana iya kai kilo 60 zuwa 70. Buhun siminti 50 ne. Amma sai ka ga mutum ya rungumo shi daga ƙasa ya riƙe numfashi ya miƙe, don kada yara su ce maigida ya tsufa. Wannan riƙe numfashin shi ke tura hanji ƙasa.

A ayyukan nan biyu, in da hali ka hau da wani, kai ka zama mai nuni daga ƙasa. In kuwa ba makawa sai kai, to ka ajiye girman kai. Ka hau da tsani har inda ya kai maimakon rungumar gindi. A tada inji a ƙasa ya yi zafi, a kashe, a ɗaure a jawo maka shi da igiya, inji mai zafi fizga ɗaya yake so. Kada ka tare reshe da hannu ko da ƙirji. A ɗaure shi tun kafin a yanka, igiyar ta bi ta kan wani reshe mai ƙarfi da ke sama, ta sauko a zagaya ta sau biyu a gindin bishiyar, yaro ɗaya ma zai iya sassauta ta a hankali, gindin ne ke ɗaukar nauyin. Ka yanka gajeru-gajeru ko da zai ci mai. A ƙasa kuma a gangara, a sa a baro ko amalanke, kai kada ka taɓa. Igiyar ƙugun nan taka ma ba ta yi ba, ko babu ƙaba. Ka nemi bel irin na masu gyaran wayar wuta, mai faɗi a baya da madauri a cinyoyi, nauyinka ya zauna a ɗuwawu. Ka gwada shi a ƙasa tukuna ka ga madaurin bai bi ta kan kumburin ba.

Tunda an zo maganar darbejiyar, bari na yi ƙorafina na kullum. Masu gida kan ce a aske ta kwal, a bar gungu a tsaye, ku kuma ku yi don mai kuɗi ya faɗa. Wannan shi ne aiki mafi nauyi a gare ka kuma mafi cutarwa ga bishiyar. Tohon da zai fito a bakin yankan yana fitowa da yawa da sauri, amma a fatar itacen yake riƙe, bayan shekara uku ko huɗu shi iska ke ɓallowa kan kwano, ga ruɓa da gara sun sami ƙofa ta sama. Ka lallashi mai gidan: a cire matattu, da masu gugar juna, da waɗanda suka kwanto kan ɗaki, kada a wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a shekara. Kowane babban reshe yanka uku: ka fara shiga ta ƙasa kaɗan, ɗan nesa da uwar, sannan ka yanke ta sama gaba da nan ya faɗi ba tare da ya ɓare ɓawon ba, sannan ka cire guntun daidai bayan ɗan tudun nan na wuyan reshe. Tudun shi ke rufe raunin, in ka share shi ba ya warkewa da kyau. Kuma don Allah a daina shafa baƙin mai a wurin yanka, ba ya hana komai. A mangwaro in ka ga kauci, ka yanke reshen can ƙasa da inda ya kama, tsinke ganyensa kawai ɓata lokaci ne. In akwai waya kusa, sai an ɗauke wuta daga layin, ba wai ka dogara da cewa unguwar ba ta da wuta tun safe ba.

Na Maraɗi ya amsa:

Sannu da jiki ɗan'uwa. Mu nan wajenmu sassaben zamani ya ba mutane da yawa aikin itace ba tare da sun bar ƙasa ba. Tun 1983 aka faro shi a nan jihar Maraɗi, ana barin tohon kututture a gona, a zaɓi masu ƙarfi kaɗan a gyara su da wuƙa, a cire sauran. Gawo da kalgo da sabara sun dawo gonaki da dama ta haka. Ina nufin wanda ya san itace kamar kai ba zai zauna banza wata biyu ba. Gyaran ƙananan itatuwa, aure na mangwaro, duba gidajen mutane kana sa alama a rassan da za a cire in ka warke, har ka karɓi kuɗin somi. Ka je likita a yi maka, lokotoro ya fi mu sani.

Nas a Ɗakin Tiyata ta ƙara da cewa:

Kan raga, Malam: ita ce hanyar da aka fi bi a duniya, tun wajen shekarun 1980 ta fara yaɗuwa. Da, jawo naman ake yi a haɗe shi da zare, wurin ya yi ta ja, kuma ya fi saurin sake buɗewa. Ragar shimfiɗa ta ake yi a kan kafar, naman jikinka ya tsiro ta cikin idanunta ya riƙe, bayan wata biyu zuwa uku ta zama ɗaya da jiki. Ba ta tsatsa, ba a sake buɗewa don a cire ta sai in ta kamu da ƙwayar cuta ko ta jawo ciwo mai tsanani da ya ƙi tafiya, wanda ba kasafai ba ne. Ga mai aikin ƙarfi ita zan zaɓa wa ɗan'uwana. Tsadarta ce matsala, har ta sa a Uganda aka gwada wata mai araha irin ta gidan sauro, wadda aka tsabtace ta hanyar asibiti, sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna ta yi daidai da mai tsadar. Ba ina cewa ka yanko gidan sauronka ka kai musu ba! Ka dai tambayi likitanka wace iri suke sawa, nawa ce, kuma kuɗin da aka faɗa maka ya haɗa da ita da magani da gado ko kuwa.

Ɗamarar da ka ambata tana iya rage maka nauyin wajen na ɗan lokaci, da sharaɗin ka kwanta ka mayar da ƙabar ciki sannan ka ɗaura. In ka ɗaure ta tana waje, matse hanjin kake yi. Kuma kada jiran adashe ya hana ka komawa a rubuta sunanka, a asibitocin gwamnati layi ne, gwajin jini da awon hawan jini ma sai an yi kafin a ba ka rana.

Mai Barandami ya rubuta:

To madalla. Na yi magana da uwar adashe, akwai wanda ya yarda mu yi musanyar kwasa, zan karɓa ƙarshen watan nan. Ranar Litinin in sha Allahu zan koma a ba ni takardar gwaji. Darbejiyar kuma na kira wani ƙanina da muka koyi aiki tare, shi zai hau, mu raba kuɗin, ko da yake na san sai mun yi rigima kan yanka ukun nan, shi mutum ne mai gaggawa. Malamin Daji, bel ɗin da ka ce, a Sabon Gari ake samu ko sai wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai? Kuma in na gwanjo ne, me zan duba a jikinsa kafin na biya?